Waye Mai Ganuwa Ran Talata?

A watan Disamba na 2024, a birnin Asunsiyon na ƙasar Faraguwai, hukumar UNESCO ta shigar da Hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun da ta ce gadon 'yan'adam ne baki ɗaya. Mun yi murna kamar kowa. Wayoyinmu suka cika da hotunan dawakai da 'yan lifidi da 'yan kwalkwali, masu muƙamai suka yi ta fitar da saƙon taya murna. Abin da ba a cika son tunawa ba shi ne, a Babbar Sallar da ta gabaci wannan sanarwa 'yan sanda sun hana hawa a Kano saboda rigimar masarauta, a Ƙaramar Sallar da ta biyo bayanta ma aka sake hanawa. Takardar yabo ta iso gida ta tarar da dokin a ɗaure a turke.

Ba rigimar sarauta ce ta kawo mu ba, masu ita sun ishe ta. Damuwarmu mutanen da hawan ke tsaye a kansu: baduku mai sirdi da ragama, maɗinki mai alkyabba, maƙeri mai likkafa da linzami, mai algaita, mai kakaki, yaron da ke yanko wa doki ciyawa. Sallah ce kakarsu. Da aka hana hawa, wa ya ƙirga su? Wa ya san nawa ne suka ci bashi suka sayi fata da zare, kaya suka kwantai? Wa ya san mabusa nawa suka rage a birnin, da shekarun ƙaraminsu? Idan akwai ofishin da ke riƙe da wannan lissafi, ya fito da takardar mu ba shi haƙuri a wannan shafin.

Mu masu rubuta manhajar kwamfuta ne, yawancinmu 'yan shekara talatin da wani abu, haifaffun cikin birni da unguwannin da suka kewaye shi. Ba mu karanci tarihi ba, ba mu karanci zanen gine-gine ba. Amma sana'armu ta koya mana abu guda da wuya, har da rashin barci: ranar ƙaddamar da manhaja ita ce rana mafi sauƙi a rayuwarta. Ana yanka kyalle, ana tafi, ana ɗaukar hoto. Aikin gaske yana farawa wata Talata da babu biki babu baƙo, lokacin da abu ya lalace da ƙarfe biyun dare, ake neman wanda za a buga wa waya. Shi ya sa duk tsarin da aka miƙa mana, kafin mu tambayi kyansa ko tsadarsa, tambayarmu ta farko ita ce: waye mai shi? Wa ke tashi idan ya faɗi? Idan aka yi shiru, ko aka ambaci sunan kwamiti, mun san gawa aka miƙo mana, sai dai ba ta fara wari ba.

Da wannan idon muke kallon yadda Kano ke tsara harkar al'adu da kayan tarihi, kuma abin da muke gani shi ne gari mai gwanintar ranar ƙaddamarwa, wanda ba shi da kowa ran Talata.

A ɗauki ganuwa. Rubutaccen tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara gina ta. Aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, aka sake faɗaɗawa a zamanin Muhammadu Nazaki a ƙarni na 17. Muna son jero waɗannan sunaye a jawabi, sai dai jerin yana rufe wata gaskiya mai sauƙi: ganuwa ƙasa ce. Jar ƙasa da ruwa da tattaki. Kowace damina tana gutsurar rabonta. Abin da ya tsayar da ita har sojojin Ingila suka tarar da ita a watan Fabrairun 1903 shi ne gayyar da ake yi bayan ɗaukewar ruwa, a fito da mutane, a kwaɓa ƙasa, a cike inda ya zaizaye. Shekara bayan shekara, ƙarni bayan ƙarni, mutanen da babu mawaƙin da ya riƙe sunansu. Magabatanmu ba su ɗauki ganuwa a matsayin abin da aka gama ba. Wani aiki ne da ke dawowa kamar noma, kuma akwai wanda zai sha tambaya idan ba a yi ba.

Su ma kududdufan da ke cikin birni daga nan suka samo asali. Ramukan da aka haƙi ƙasar gini ne, suka zama matattarar ruwan sama. Ganuwa, kududdufi, lungu, indararon da ke zubo ruwa daga kan soro, duk tsari ɗaya ne da ya san inda ruwa zai bi. Mun cike kududdufai da shara, mun yanka su filaye, mun kafa shaguna, sannan duk watan Agusta mu tsaya cikin ruwa iya gwiwa muna cewa ikon Allah. Ikon Allah ne ruwan ya sauko. Wanda ya sa hannu a takardar filin yana da suna da lambar waya.

Yanzu a yi tambayarmu ta sana'a. Waye mai ganuwa? A takarda, ita da ƙofofinta kayan tarihi ne na ƙasa, ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta tarayya wadda dokar 1979 ta kafa, ita ce kuma ke kula da Gidan Makama. Ƙasar da ganuwar ke zaune a kai, bisa dokar mallakar ƙasa ta 1978, tana hannun gwamna. Izinin gini yana wajen hukumar tsara birane, KNUPDA. Jiha tana da tata hukumar tarihi da al'adu a Gidan Ɗan Hausa. Masarauta tana da sarakunan ƙofa. Birnin da ganuwar ta kewaye kuma ya kasu tsakanin ƙananan hukumomi uku, Birni da Kewaye, Gwale da Dala. Hannu shida ko fiye a kan abu ɗaya. Mai ikon cewa abin tarihi ne ba shi da ikon hana a yanka fili. Mai ikon yanka fili ba dole ne ya tambayi mai tarihi ba. Mai unguwar da ke ganin ana ɗibar ƙasar da amalanke da asuba ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun. A wajen aikinmu, tsarin da ƙungiyoyi shida ke iya gogewa amma babu mai gadinsa, ba ma jiran mu ga ko zai lalace, lissafin ranar kawai muke yi.

Mun gani a 2010, lokacin da aka rushe Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi. Hukumar tarayya ta yi ƙorafi, jaridu suka rubuta, ihu bayan hari. Aka gina wata da siminti, faffaɗa, mai fenti, aka maƙala mata tsohon sunan. Mun gani a gefen titin BUK, daga Ɗan Agundi zuwa Gadon Ƙaya, inda gine-gine suka yi ta tsirowa a jikin ganuwar da takardunsu a hannu. Sannan muka ga rusau na 2023, har aka ce za a yi amfani da ɓaraguzan wajen gyara ganuwa, kamar buhunan kankare da rodi su ne abincin ginin ƙasa. A wannan shekarar aka rushe shataletalen ƙofar gidan gwamnati, wanda aka gina a 2017 don cikar jihar shekara hamsin. Ba mu zo kare wata jam'iyya ba. Wata gwamnati ta rabar, wata ta rushe, duk biyun kuma sun yi abin da suka yi ne saboda babu wani rubutaccen tsari da ya fi ƙarfin ra'ayin wanda ke kan kujera. Abin da sa hannun mutum ɗaya ya gina, sa hannun mutum ɗaya zai rushe shi. Mai zane ko magini ko marubucin da ya ga haka, me zai sa ya zuba basirarsa a aikin gari?

Kada a ce Kano ba ta san tsari ba. An rubuta mata shirin raya birni na shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983, wanda ake kira da sunan Trevallion. Dokar tsara birane ta tarayya ta 1992 ta yi maganar tattara jerin gine-gine masu muhimmancin tarihi. Takardu ba su taɓa ƙaranci ba. Mun san irinsu a namu fagen: kundi mai bango mai sheƙi, mai taken manufa da hangen nesa, wanda aka biya masani ya rubuta, aka ƙaddamar a otal, aka ajiye a loka. Tsarin da babu wanda zai rasa albashi idan aka karya shi, addu'a ce kawai.

To me ake yi da sunan al'ada? Biki. A kafa rumfuna, a jera kujeru, a gayyato 'yan rawa daga ƙananan hukumomi 44, a zaunar da wata tsohuwa tana kaɗi da mazari don baƙi su ɗauki hoto, manya su yi jawabi cewa al'adarmu ita ce tushenmu. Da la'asar a kwashe kujeru. Tsohuwar ta koma gida da kuɗin mota, babu wanda ya tambaye ta ko akwai yarinyar da ke koyo a hannunta. Dalilin son biki ba ɓoyayye ba ne. Kuɗin biki da na sabon gini suna da uba: akwai kwangila, akwai allo mai ɗauke da suna, akwai labarin ƙarfe tara. Kuɗin yaɓe maraya ne. Babu wanda ya taɓa cin zaɓe don bango bai faɗi ba.

Mun san amsar da ke jiranmu, domin a gidajenmu ma ana ba mu ita. Mutane na kwana da yunwa, yara ba su da aji, ku kuna kukan tulin ƙasa. Magana ce mai nauyi, ba za mu yi mata dariya ba. Amma a duba wanda ke samun fili a bakin babban titi a jikin ganuwa: ba mai kwana da yunwa ba ne. Mai kwana da yunwar shi ne wanda ruwan kududdufin da aka cike ke shiga ɗakinsa. Shi ne baduku, shi ne marini, shi ne magini mai tubali da makuba da ya koma leburan bulo saboda babu mai kiransa. Kuɗin da zai biya magina ashirin su yi aikin rani a ganuwa ba daga bakin talaka za a cire shi ba, a aljihunsa zai shiga.

Za mu kuma yarda da abin da wasu masu kishin tarihi ba sa son ji. Ba duka ganuwar za ta tsira ba, wani ɓangaren ma ya riga ya tafi har abada. Ƙofar da aka gina don raƙumi da jaki ba za ta ɗauki motar kashe gobara ba. Gari mai miliyoyin mutane dole ya numfasa. Amma garin nan ya taɓa fuskantar wannan matsala ya warware ta da hankali. Da mota ta zo, a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, sai aka huda sabuwar mashiga aka kira ta Sabuwar Ƙofa. Ƙofar Famfo ma sunanta ya faɗi dalilinta. Aka buɗe sabuwa, aka bar tsoffi a tsaye. Abin da muke nema shi ne a zauna a fili a ce: wannan zangon za mu riƙe ko ana ha-maza-ha-mata, wancan mun sallama shi, ga dalili. A rubuta, a buga, kowa ya gani. Sallamawa da ido buɗe ta fi asarar da ake yi mana cikin dare, kamu ɗaya kamu biyu, sai mu wayi gari mu ga gidan mai.

Akwai kuma hujjar da masoya al'adar kansu ke kawowa, wadda muke ganin tana cutar da su: wai a gyara don 'yan yawon buɗe ido. Duk lokacin da aka jingina darajar abu da zuwan Bature, ranar da ofishin jakadanci ya gargaɗi 'yan ƙasarsa kada su zo, darajar ta tafi. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 take, ba don kyamara aka haƙa ta ba. Masana'anta ce. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya iso Kano a 1851, abin da ya ba shi mamaki shi ne yadda tufafin da aka saƙa aka rina a nan ke kaiwa har Tambutu da Gat da Tarabulus. Yau yawancin ramukan sun bushe ko sun cika da shara, 'yan kaɗan da suka rage ana nuna su ga baƙi kamar dabbobin gidan zu. A 2015 marina sun fito zanga-zanga kan kayan da ake shigowa da su daga Sin. Ba hoto suka fito nema ba, kasuwa suka fito karewa. Tsarin gari na gaske zai fara da tambayoyi marasa daɗin jawabi: ramuka nawa ke aiki a Ƙofar Mata da Karofin Zage, daga ina ake samo baba da toka, nawa ake sayen ruwa, yara nawa ke koyo, kuma me zai hana duk kyautar da gwamnati ke bai wa manyan baƙi ta fito daga karofi da mabuga maimakon kantin Dubai.

Tunda masu karanta wannan mujalla marubuta ne, bari mu shigo gida. Kano ce cibiyar littattafan Hausa na zamani tun shekarun 1980, ita ce kuma uwar Kannywood. Marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino sun gina kasuwar karatu da kuɗin aljihunsu, ba tare da tallafin kowa ba. Ta ina hukuma ta fi taɓa wannan harka? Ta hukumar tace finafinai da ɗab'i da aka kafa a 2001. A 2007 har ƙona littattafai aka yi a bainar jama'a da sunan daidaita sahu. A 2016 aka soke shirin ƙauyen fim na Kofa bayan an yi ca a kansa. Kowa yana da ra'ayinsa kan waɗannan, mu ma a tsakaninmu ba baki ɗaya muke ba. Amma ko mai goyon bayan tacewa zai yarda cewa garin da yake da ofishin hanawa ya kamata ya kasance da ofishin rainon abin da yake so a yi. Ina ɗakin da marubuciya 'yar Gwale za ta karanta gajeren labarinta ga mutum talatin ran Asabar ba tare da ta kama zauren otal ba? Tsoffin gidajen silima sun zama kantuna da wuraren ajiya, Wapa ma yaran yanzu sunan wajen canjin kuɗi suka sani. Haka tashe: da 'yan daba suka fara fakewa da shi, sai aka riƙa dakatar da shi, maimakon a zauna da masu unguwanni a tsara lokaci da hanya da fitila da masu sa ido. Hanawa ba ta buƙatar tunani, shi ya sa take da farin jini a ofis.

Kafin a ce mun cika baki, ga namu laifin. Shekarun baya wasu daga cikinmu sun karɓi aikin gina shafin intanet da manhajar waya don wani bikin al'adu. Aka biya mu, muka zuba hotuna masu kyau, muka sa taswira mai motsi, aka ƙaddamar, muka sha tafi. Bayan shekara guda kuɗin rajistar sunan shafin ya ƙare. Babu wanda aka ɗora wa sabuntawa, jami'in da ke riƙe da kalmar sirri an yi masa canjin wurin aiki, mu kuma mun wuce wani aikin. Shafin ya mutu da duk hirarrakin da aka naɗa da tsofaffin masu sana'a, biyu daga cikinsu sun rasu tun daga lokacin. Mun san tambayar da ya kamata mu yi kafin mu karɓi kuɗin, mun kuma ƙi yin ta saboda muna son aikin. Don haka idan wani ɗan'uwanmu ya zo muku da maganar zai ceci tarihin Kano da manhaja, ko zai ɗauki hoton ganuwa da jirgi marar matuƙi ya mayar da ita siffar kwamfuta da za a zagaya a waya, ku tambaye shi wa zai biya kuɗin ajiyar bayan shekara biyar. Ku kuma tuna masa cewa hoton marar lafiya ba magani ba ne. A aikinmu idan bayanai suka ɓace muna da kwafin ajiya, mu danna mu dawo da su. Ganuwa ba ta da kwafi. Mabushin da ya rasu bai koyar ba, ba shi da kwafi.

Abin da fasaha za ta iya yi ƙarami ne, marar ƙyalli, amma shi ne ya ɓace. Rajista. Jeri guda, a buɗe ga kowa, na duk abin da garin ya yanke shawarar riƙewa: kowane zangon ganuwa da tsawonsa da iyakarsa a taswira, kowace ƙofa, kowane kududdufi da ya rage, karofi, tsoffin masallatai da soraye, gindin Dala da Goron Dutse, rumfunan Kurmi, filayen dambe da na wasan yara. Kowane layi da hoton bana, da halin da yake ciki, da sunan mutum ɗaya mai albashi da lambar ofishinsa. A Ingila irin wannan jeri yana ɗauke da wurare kusan dubu ɗari huɗu, kowa na iya bincikawa daga wayarsa kafin ya sayi gida ko ya fasa bango. Mu kuwa, ya fi sauƙi ka samo zanen Kano da Barth ya yi a 1851 a intanet, da ka samo taswirar hukuma da ke nuna abin da ya rage na ganuwar a yau. Mun gwada. Muka je wani ofishi aka tura mu wani, can aka ce mu rubuto takarda, muka rubuta, aka ce oga ya yi tafiya.

Kada kuma a ce ba za a iya ba. A yaƙin kawar da shan inna, a garin nan aka zana taswirar unguwanni da ƙauyuka da rugage, aka riƙa bin sawun masu rigakafi da wayoyi don a san lungun da aka tsallake, har aka ayyana Najeriya ta rabu da cutar ta daji a 2020. Yaran Kano da yawa sun koyi aikin taswira a wannan yaƙin. Jiha tana da hukumar taswirar filaye ta zamani, KANGIS, wadda ta san iyakar kowane fili idan maganar kuɗin ƙasa ce. Tsoffin hotunan tauraron ɗan'adam suna nan kyauta a Google Earth, duk mai so zai iya ja baya shekara-shekara ya kalli yadda kududdufin unguwarsu ya tsuke har ya ɓace. Kayan aiki ba su ne matsala ba. Rajista tana da maƙiya, domin abin da aka rubuta aka buga yana da wuyar sayarwa a ɓoye.

Rajistar kuma ba ta da amfani sai an ɗaura ta da izinin gini. Ma'ana, idan fili ya taɓa layin da ke cikin jerin, takardar ba za ta fita ba sai an buga sanarwa, an ba da kwanaki, mutanen unguwa da hukumar tarihi sun faɗi ta bakinsu a rubuce. Wannan a wajenmu aikin 'yan makonni ne. A wajen 'yan siyasa shi ne dutsen Dala, don yana nufin mai mulki ya ɗaure hannun kansa da na magajinsa.

Sai kuɗin Talata: ɗan kaso tsayayye duk shekara, wanda ba ya jiran biki, na yaɓe bayan damina, na yashe kududdufi, na alawus ɗin yaran da ke koyo wajen magina da marina da mabusa, na wutar ɗaki guda a kowace sakatariyar ƙaramar hukuma da za a bar shi a buɗe da yamma ga masu karatu da masu wasan kwaikwayo. A nan ne ƙananan hukumomi ba su da mafaka. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora musu kasuwanni, magudanun ruwa, wuraren shaƙatawa, filayen jama'a, da raɗa wa tituna suna. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye. Ko kuɗin ya iso ko yana hanya, kansila shi ne jami'in da ya fi kusa da bangon, gidansa ma wataƙila da ƙasar ganuwar aka yi masa katanga. Shi ya kamata mu fara tsarewa da tambaya, ba Abuja ba, ba Faris ba.

Ba sai mun haye teku neman misali ba. A cikin birni akwai unguwar Agadasawa, shaidar tsohuwar hanya tsakaninmu da Agadas. Tsohon garin Agadas ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya a 2013, da hasumiyar masallacinsa ta ƙasa zalla mai tsawon mita 27, wadda ke tsaye saboda ana sake yaɓe ta. A Jenne ta ƙasar Mali, duk shekara gari ke fitowa a yaɓe babban masallaci, unguwa na gasa da unguwa, yara na ɗauko ruwa, magina na kan itatuwan da ke jikin bangon. Su ma suna da talauci, suna da rikici da ya fi namu. Bikinsu shi ne ranar gyaran. Ganuwar Kano kuwa tana jerin jiran UNESCO tun 2007, kuma duk shekarar da ta ƙara a layin, abin da za a nuna wa masu dubawa raguwa yake yi.

Mu dai mun fara abin da ke hannunmu. Tun bayan Sallah muke fita da safiyar Asabar, mutum biyar ko shida, da wayoyi da igiyar awo, muna bin ganuwar daga Ƙofar Na'isa zuwa yamma, muna ɗaukar hoto, muna rubuta inda take tsaye, inda ta zama juji, inda ta zama bayan shago. Wani dattijo a kusa da Dukawuya ya nuna mana iyakar da ya sani yana yaro, ya taka ta da ƙafarsa, ta faɗo tsakiyar wani garejin gyaran Adaidaita. Muna zuba komai a jadawali mai sauƙi da ko a takarda za a iya bugawa, kuma wannan karon mun rubuta sunan wanda zai riƙe shi a cikinmu da wanda zai gaje shi idan ya tafi. Gurbin wuri ya cika, na hoto ya cika, na halin da ake ciki ya cika. Gurbin jami'in da ke kula da kowane zango ne har yanzu babu komai a cikinsa, kuma ba mu ne za mu cike shi ba. Za mu kai kwafi ga shugabannin Gwale da Dala da Birni da Kewaye kafin ruwan farko, mu karɓi sa hannun wanda ya amsa da kwanan wata, mu kawo wa wannan mujalla abin da suka ce.